Falle Na Hamsin Da Takwas

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Masu cewa na ajiye Malama a ɗakin taswira na manta da ita, ban manta ba. Wadda kuma ta ce in ban kawo mata saurayi a shafin nan ba za ta daina karantawa, Allah ya kiyaye hanya, ni ba soyayya na ɗauko ba.

Sababbin zuwa, ga inda muke. Malama koyarwa take a firamare. Wata takwas ke nan da rasuwar Mamanta, wadda ta rene ta ita kaɗai da keken ɗinki, ba ta taɓa faɗa mata sunan garinsu ko na wani ɗan'uwa ba. A ƙasan akwatin Mama ta tsinci wata takarda mai shara-shara da zanen fensir: kogi, hanya, ɗigo uku, da ɗan murabba'i. Ba suna, ba rubutu. Tun daga nan duk Alhamis take shiga mota, tafiyar awa guda, zuwa ɗakin tsofaffin taswirori na babban ɗakin karatu, tana ɗora takardar a kan falle bayan falle ko za ta dace da wani wuri. Mu je.

*

Ƙarfe uku da rabi Malama ta ɗaga takardarta daga kan falle na ƙarshe.

Bai dace ba, kamar 'yan'uwansa ɗari da goma sha ɗaya.

"Baba, shi ke nan?"

Baba Mai Taswira, tsohon ma'aikacin safiyo da ya yi ritaya aka ba shi tsaron ɗakin, ya tura durowar da gwiwa ta rufe.

"Shi ke nan, Malama. Durowa tara, kin zazzage su kaf. Ko ɓerayen ɗakin nan ba su kai ki sanin su ba."

Ta so ta yi dariya don kada ta bar tsoho da zolayarsa a hannu. Dariyar ta ƙi fitowa.

Su uku ne a ɗakin, kamar kowace Alhamis. Ita, da Baba, da tsohuwar nan da suke kira Mai Lema, saboda baƙar lemar da ba ta rabo da ita ko da ruwa ko babu. Mai Lema kujerar bakin taga take zama, ta ɗora lemar a kujerar kusa da ita don kada wani ya zauna, ta karɓi falle ɗaya tak, ta riƙe gilashin ƙara girma guda ɗaya da ɗakin ya mallaka har a tashi. Wata bakwai hirarsu da Malama ba ta wuce layi biyu ba.

"Iya, kin gama da gilashin?"

"Ban gama ba."

Shi ke nan zumuncin.

Malama ta zauna tana kallon takardar cikin ledarta. Ba wanda ta taɓa bari ya taɓa ta, kuma ba wanda ta faɗa wa a ɗakin nan cewa mai ita ta rasu. Kalmar ba ta fita daga bakinta. Ko wayar Mama tana nan a jakarta, kullum sai ta yi mata caji, don ta kasa barin ta ta mutu ita ma.

Abin da ya hana ta barci tun farko tambaya ce guda. Ranar rasuwar, gida ya cika da maƙwabta da matan da Mama ke yi wa ɗinki, sai wata baiwar Allah ta shimfiɗa tabarma daban ta ce, "Nan dangin marigayiya za su zauna." Har rana ta faɗi ba wanda ya zauna a kai. Malama ce ta naɗe ta da hannunta. Ba gado take nema ba, ba labari ba. Mutum ɗaya take so a duniya da zai dube ta ya ce jininsu ɗaya.

Ta zare takardar daga leda, karon farko a gaban mutane.

"Baba, anya ma taswira ce? Kada a je samfurin wuyan riga ne Mama ta zana, ni kuma na ɗauko wa kaina dala ba gammo."

"Wuyan riga da rijiyoyi uku?"

"Ka san masu ɗinki. Ƙila maɓallai ne."

Ta ajiye ta a tebur ta dafe kai. Fankar ɗakin, wadda ba ta taɓa yi wa kowa amfani ba, yau ta tashi aiki: ta sure takardar ta kai ta ƙarƙashin teburin Baba.

"Bari, bari, na ɗauko."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗago ta. Zai miƙa mata sai ya tsaya, yana duban babban yatsansa. Ya yi baƙi.

"Malama."

"Na'am."

"Wane gefe kike ɗorawa sama?"

"Gefen da zanen ya fi fitowa mana. Mai baƙin."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ɗaga takardar saitin taga, ya bi ta da farce a hankali.

"Wata bakwai. Da kin bar ni na taɓa ta tun ranar farko."

"Me ya faru?"

"Bayanta kike dubawa."

"Ban gane ba."

"Zo ki gani. Nan gefen, ga zane siriri, da ƙyar ake ganinsa, amma ji yadda ya yi rami. Shi ne fuskar. Da fensir mai tauri aka zana shi a kan taswira. Wannan baƙin da kike bi, fensir mai laushi ne aka bi layukan da shi ta baya. Haka muke yi a ofis kafin zuwan na'ura. Ka shafa baƙi a baya, ka kifa a kan farar takarda, ka bi layi ka danna, zanen ya sauka. Wanda ya yi wannan ya yi aikin ofishin zane, ba shakka."

"Mamata tela ce, Baba."

"To kafin ta zama tela fa?"

Malama ta tuna. Mama takan ja layi a kan yadi da alli, tsawon hannu biyu, ba rula, ya fita sak. Mata har cewa suke yi aljanu ke riƙe mata hannu.

"Kuma ba a shafa baƙi a baya don kwalliya," in ji Baba. "Kwafi aka fitar. Takardar nan tana da 'yar'uwa a hannun wani."

Malama ta juya takardar. Kogin da wata bakwai yake lanƙwasa dama, yanzu ya lanƙwasa hagu. Hanyar ta koma ɗaya gefen.

"Sai na sake duba ɗari da goma sha biyun ke nan?"

Baba ya ƙura wa zanen ido. Leɓensa ne ke motsi.

"Gwiwar kogi ta hagu, hanya ta yanke shi ta ƙasa…"

Ya juya kansa sannu a hankali wajen taga.

"Falle ɗaya ne ba ya kwana a durowa ranar Alhamis," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Na hamsin da takwas."

Malama ta tuna shi. A watan farko ta roƙi aronsa, Mai Lema ta ba ta minti biyar tana tsaye a kanta kamar mai gadi, ta ɗora takardar, bai dace ba, ta mayar.

Ta taka zuwa bakin taga.

"Iya, don Allah ki ara mini fallen nan minti biyu."

Mai Lema ba ta ɗago ba.

"Kin duba shi."

"A juye na duba."

"Na sani."

Ni da nake ba ku labarin nan sai da na ajiye biro a wurin nan.

"Kin… sani?"

Tsohuwar ta janye hannunta daga kan taswirar, ta tura gilashin gabanta. Yau ne ta fara ba da shi ba a roƙa ba.

"Ɗora."

Malama ta ɗora. Ba ta ma yi wahalar gyarawa ba. Kogi ya hau kan kogi, hanya ta hau kan hanya, ɗan murabba'in ya faɗa kan wani gida a gefen gari. Sunan garin na nan da ƙananan baƙaƙe. Ta karanta shi sau uku a ranta, sunan da ba ta taɓa ji a bakin Mama ba. Wani shuɗin layi da aka ja da hannu daga baya ya zagaye garin duka.

Mai Lema ta buɗe jakarta, ta fito da ƙyalle a ƙulle, ta kwance. Farar takarda ce da ta koma ruwan ƙasa, duk ninkinta an liƙe da salatif. Kogi, hanya, ɗigo uku, murabba'i.

Ta ajiye ta kusa da ta Malama.

"Wace ce ke?"

"Ke da kika zo har inda nake, ke za ki tambaye ni?"

"Iya, wace ce ke?"

"Uwarki ciki ɗaya muka fito. Ni ce babba."

Malama ta dafa tebur. Ta sha zana ranar nan a ranta: za ta rungume mutum, za ta yi kuka, za a ce mata sannu da zuwa gida. Ba ta taɓa zaton abin da zai fara zuwa mata haushi ne ba.

"Tun yaushe kika gane ni?"

"Tun kina bakin ƙofa. Tafiyar Auta ce, da yadda take cije leɓe in tana duba abu. Da na ga takardar kuwa, ai magana ta ƙare."

Auta. Ba ta taɓa jin an kira Mama da sunan nan ba.

"Kika ga na ɗora ta a juye."

"Na gani."

"Kika yi shiru."

"Na yi."

"Wata bakwai, Iya. Ina tashi daga aji in shiga mota ko abinci ban ci ba. Ina komawa gidan da ko sallamata ba mai amsawa. Kina nan, taku uku tsakanina da ke, kina hana ni gilashi."

"Gilashin gwamnati ne, wanda ya riga zuwa shi ke riƙewa."

"Ba maganar gilashi nake ba."

"Na san ba ita kike ba."

Baba ya yi gyaran murya, ya ce bari ya leƙa ƙasa ana nemansa. Ba mai nemansa. Ya fita ya jawo ƙofar.

"Me na yi miki?" in ji Malama.

"Ke ba ki yi mini komai ba. Ƙirga rijiyoyin da ke kan taswirar."

Malama ta ɗaga takardarta, ta duba da gilashi.

"Biyu."

"A taki fa?"

"Uku."

"Ta ukun Babanmu ne ya haƙa. Ba ta shiga taswira ba, don ba ta shekara ba. Auta ce ta ɗiga ta da hannunta."

Tsohuwar ta ɗora yatsa a kan shuɗin layin.

"Kin ga wannan? Iyakar inda ruwan madatsa zai kai ke nan. Duk abin da ke cikinsa yau kifi ke yawo a kai. Uwarki tana aiki a ofishin zane lokacin, ita kaɗai mace, duk garinmu ana alfahari da ita. Ita aka ba ta kwafe layin nan. Shekara guda kafin a sanar da mu."

"Ta sani ke nan."

"Ta sani. Sun sa ta sa hannu a takarda cewa ba za ta faɗa wa kowa ba. Shekarar nan Baba ya tashi haƙa rijiya a ƙofar gida, wai ya gaji da ganin muna dakon ruwa. Wata huɗu yana cikin rami, shi da ɗan daginsa, ni ina jan ƙasa da guga. Duk ƙarshen wata Auta ta zo gida, ta tsaya a bakin ramin, ta ce, 'Sannu Baba.' Ya ɗago ya ce, 'Auta, jikokina za su sha.' Ta ce, 'Allah ya sa.'"

Malama ta runtse ido.

"Ranar da aka zo da sanarwa, Baba ya je bakin rijiyar ya zauna. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Abinci ne dai ya daina shiga. Kafin a kwashe mu mun binne shi. Da na gano ta sani, na ce mata kada bakinta ya ƙara kirana Yaya. A gaban mutane na faɗa."

"Ƙila tsoro ta ji. Yarinya ce."

"Shekararta ashirin da biyu. Yanzu na san yarinya ce. A lokacin ban sani ba."

Mai Lema ta juya tsohuwar takardar. A bayanta akwai rubutu, kuma Malama ta san hannun. Shi ne ke rubuta awon mata a bangon ɗakin ɗinki.

*Yaya, ina ɗakin taswira duk Alhamis. Ba sai kin yi mini magana ba.*

"Ta gidan waya ta aiko mini. Na jefa ta ƙasan akwati. Shekara tara ina cin tuwon fushi, har na ga ba ya ƙosarwa. Mutanenmu sun watse, wasu gabas wasu yamma. Miji ya mutu, ban haihu ba. Rannan na tashi na ɗauki lema na zo. Mai tsaron ɗakin na wancan lokacin ya ce, 'Ayya, mai zaman bakin taga? Shekara bakwai ta yi tana zuwa. Ta yi aure ta bar gari, ba ta bar adireshi ba.' Shekara biyu na makara."

"Tun daga nan kike zuwa?"

"Talatin da ɗaya bana. Masu tsaro uku na ƙarar, wannan na huɗu ne."

Sai Malama ta tuna wani abu. Mama ba ta ɗinki ranar Alhamis da yamma. Takan rufe keke, ta yi wanka, ta sa kayan fita har da takalmi, ta zauna a bakin ƙofa da jaka a cinya. In Malama ta ce, "Mama, ina za ki?" sai ta ce, "Na fasa." Kowace Alhamis ta Allah sai ta fasa.

"To me ya sa ba ki yi mini magana ba?"

"Na ce ni ba zan yi magana da 'yar aike ba. Ta turo ki ki gano mata ko na huce, to ta zo da ƙafarta ta gani. Girman kai ne, na sani, a gidanmu muka gaje shi."

"Takardar fa? Da kin ce mini juya ta kawai."

Mai Lema ta daɗe tana gyara bakin ƙyallen da ba abin da ya same shi.

"In kin gano wurin, me zai sake kawo ki?"

Ta ɗago ta dubi Malama.

"Shekara talatin ni da bango muke zama a ɗakin nan. Sai ga fuskar Auta tana shigowa duk mako, tana ce mini Iya, tana roƙona gilashi. In na ba ki, kin tafi can ƙarshen tebur. In na hana, sai kin dawo kin sake tambaya. Sau uku kike tambaya a wuni. Ina ƙirgawa."

Haushin Malama ya zube, tausayi ya maye wurinsa, sai kuma tsoro ya biyo baya. Sai yanzu kalmar ta dawo mata kunne. 'Yar aike.

Tsohuwar nan ba ta sani ba.

Mai Lema ta share ido da bakin mayafi, ta gyara ɗaurin kanta. Ta miƙa hannu ta ɗauke lemar daga kujerar kusa da ita, ta kaɗe ƙurar da tafin hannu.

"Zauna, 'yata. Ara miki na yi, kujerar Auta ce."

Malama ta zauna.

"Ki ce mata na huce. A'a, kada ki ce haka, sai ta ce ita ce mai laifi. Ki ce mata Yaya ta ce ta yafe mini maganar da na faɗa a gaban mutane. Ta yi ƙiba? Da kamar tsinke take."

"Iya…"

"Inna za ki ce. Ko gwiwa ce ta hana ta zuwa? Duk gidanmu gwiwa ce ke kayar da mu. In matakalar nan ce ba za ta iya ba, ni zan je. Motar ƙarfe biyar ba ta tashi ba ai."

"Inna, Mama…"

"Tsaya. Kada in faɗo mata kamar daga sama, zuciyarta ba ta da ƙarfi tun tana ƙarama. Bari in fara jin muryarta."

Ta lalubo wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai daga jaka, ta nisanta ta da ido, ta ɗauki gilashin ƙara girma ta kara a kai.

"Faɗa mini lambar."

Malama ta buɗe baki. Kalma biyu ce kawai za ta faɗa, wata takwas tana ɗauke da su. Suka ƙi fitowa. Lambar ce ta fito, ɗaya bayan ɗaya, don ita harshenta ya saba da ita tun tana 'yar makaranta.

Tsohuwar ta danna a hankali, tana maimaitawa. Ta kara a kunne. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, tana murmushi irin na yarinyar da aka ce gobe za a kai ta unguwa.

"Tana shiga," ta ce da raɗa.

A cikin jakar Malama, a kan tebur, tsakanin takardun biyu, waya ta fara ƙara.

Mai Lema ta dubi jakar. Ta dubi Malama. Wayarta na nan a kunnenta, murmushin bai gama sauka ba.

"Ta manta wayarta a jakarki ne?"